Karkataccen Kitso

Duk unguwa an san Sista ba ta yin abu babu takarda. Ko gishiri za ta aiki mutum ya sayo sai ta rubuta, ta sa lamba, ta ja layi a ƙasa. To da ta ƙudura za ta kai iyalinta hutun ƙarshen shekara wata ƙasa, saura wata uku tafiya takarda ta iso ta waya. Kaya talatin da biyu da za a zuba a akwati, kowanne da lambarsa, can ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: kada a ƙara komai.

Shekara biyar ke nan tana aikin jinya a wani babban asibiti a ƙasar waje. Ana gama yaye Auta ta tafi, ta bar 'ya'yanta mata biyu a hannun yayarta, wadda gidanta ke kallon nasu. Mijin kuwa, Mai Taya, yana shagonsa daga safe har yamma, ya biya ya shafa kan yara, ya wuce gida ya kwanta. Sau ɗaya Sista ke zuwa a shekara, kwana ashirin, rabinsu kuma na masu zuwa sannu da zuwa ne da masu zuwa ganin me ta kawo.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaran suka tashi suna kiran Yaya da Mama, ita kuma da ta haife su suna ce mata Anti. Auta ba laifinta ba ne, a haka ta buɗe ido. Amma babbar, wadda ake ce wa Lauya saboda bakinta, shekararta shida aka tafi aka bar ta, ta san wace ce wace. Da gangan take faɗin Antin nan, tana ja masa wutsiya.

Wannan ne ya hana Sista barci har ta ƙirƙiro tafiyar. Kwana takwas, babu Yaya, babu baƙi, a garin da yaran ba su san kowa ba. A lissafinta, yaro in ya duba gabas ya duba yamma bai ga kowa ba, dole ya ga uwarsa.

A filin jirgin can suka haɗu, ita daga wajen aikinta, su daga gida. Awa huɗu ta yi tsaye bakin ƙofar fitowa, ta gyara mayafi ya fi sau goma. Da suka ɓullo ta ware hannu biyu. Auta ta tsaya nesa kaɗan, ta rusuna.

"Anti, ina wuni. Mama ta ce a gaishe ki."

Hannun da aka ware ba a mayar da shi haka nan, sai Sista ta kama akwati da shi.

Otal ɗin a bakin teku yake, ɗakinsu a hawa na tara. Ɗaki biyu ne da ƙofa a tsakani, gadaje farare ƙal kamar ba a taɓa kwanciya a kansu ba, labule mai nauyin bargo, ga taga tun daga ƙasa har sama. Kafin kowa ya cire takalmi Sista ta manna takarda a jikin madubi. Shida da rabi tashi. Bakwai wanka. Takwas karin kumallo. Tara gidan kifaye. Har da ƙarfe huɗu zuwa biyar: hira.

Mai Taya ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa.

"Sista, don Allah hutu muka zo ko kwantar da mu aka yi? In kwanciya ce a faɗa min ranar sallama."

"In ba a tsara ba lokaci wucewa zai yi."

"To ai shi ya sa ake ce masa hutu."

Yaran ba su yi gardama ba, kuma da sun yi da ya fi mata. Aka ce tashi, suka tashi. Aka ce ga kifi, suka kalli kifi. Ta saya musu abin sanyi suka ce an gode, ta ɗauke su hoto suka yi murmushi, tana sauke wayar suka mayar da murmushin inda suka ɗauko shi. Ƙarfe huɗu na yi ta zaunar da su bakin gado don hira.

"Yaya makaranta?"

"Lafiya lau."

"Wace ce ƙawarki?"

"Ba ki san ta ba."

Haka marasa lafiya masu ladabi ke amsa mata a asibiti, waɗanda ke jira ta gama ta fita.

Safe da yamma kuwa sai su karɓi wayar ubansu, su shige ɗaya ɗakin, su turo ƙofa, su kira Mama. Nan ne za ka ji gida ya tashi. Auta na dariya har da shaƙewa, Lauya na kwaikwayon tafiyar wani bature da suka gani, muryar Yaya na fitowa tana "Ke dai ba ki da dama!" Sista na wannan ɗakin tana ninke tawul ɗin da ma'aikatan otal suka riga suka ninke. Mai Taya yana ƙasa wajen abinci, don tun da ya gano ba a hana ƙari ya zama ɗan gida a wajen.

Rana ta uku takarda ta ce wanka a kududdufin otal, rana ta huɗu ta ce bakin teku. Auta ta shiga ruwa kamar 'yar agwagwa, ta fito ta kwanta cikin yashi, ta koma ruwa. Lauya kuwa ko ƙafa ba ta tsoma ba.

"Ke ba za ki shiga ba?"

"Mama ta ce kar mu jiƙa kanmu babu hula."

"Wace hula?"

Lauya ta kalli ubanta. Mai Taya ya shiga kallon jiragen ruwa kamar saya zai yi.

Ashe Yaya ta haɗa musu wata 'yar jaka: hular roba biyu, man kai, mataji mai manyan haƙora, da tsinken tsaga. A filin jirgi aka ce akwati ya yi nauyi, Mai Taya ya buɗe, ya duba takarda, ya ga jakar ba ta da lamba, ya miƙa wa direban da ya kawo su ya koma da ita.

"Ke kika ce kada a ƙara komai," in ji shi. "Da manyan baƙaƙe ma."

Kafin gari ya waye, ƙananan kitson da Yaya ta kwana biyu tana yi wa Auta sun zama labari. Ruwan kududdufi mai magani, ruwan gishiri, ga yashi. Kai ya dame ta da ƙaiƙayi, ta sa yatsa ta warware rabi cikin barci, sauran ya cukurkuɗe. A ƙeya kuwa gashin ya dunƙule waje ɗaya kamar an cusa mata ƙwallo.

Ga wani sirri da ba kowa ya sani ba: Sista ba ta iya kitso ba. Ko na 'yar tsana ba ta taɓa yi ba. Tun suna yara Yaya ke yi mata, ita kuma kanta na sunkuye a kan littafi. Amma ba za ta tsaya gaban 'ya'yanta ta ce ban iya ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta shimfiɗa tawul a kujera, ta zaunar da Auta gaban madubi, ta shiga laluben kan kamar mai neman inda aka ji ciwo. Da ta iso ga ƙullin ƙeya ta latsa, ta ja, ta ga ba ya motsi. A asibiti in an kawo mutum gashi ya danƙare haka, ba a ɓata lokaci. Ta zuge jakarta ta magunguna ta zaro almakashi.

A madubi Auta ta hango shi.

Ihun da ta yi sai da na ɗakin kusa suka buga bango. Ta zille, ta faɗa banɗaki, ta murɗa makulli.

"Kaɗan zan rage! Wajen ƙullin kawai!"

"Wayyo Mama! Za ta aske ni!"

Lauya na zaune kan gado, ta harɗe ƙafa.

"Anti, nan fa ba asibiti ba ne. Shekara uku Mama na tara mata gashin nan."

"Ke, ni kike gaya wa magana? Ni na haife ku!"

"An faɗa mana."

Ba da tsawa ta faɗa ba, a hankali, tana duban farcenta. Sista ta tsaya da almakashi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Sai da Mai Taya ya hau sama, bakinsa da maiƙo, ya rantse ya maya cewa almakashin yana aljihunsa, sannan Auta ta fito. Ta ɗauki hular ubanta ta kifa a kai har kunne, ta haye kujerar da ke lungun taga, ta ce ba ta zuwa ko'ina. Ga shi jibi ne ranar ƙarshe ta shekara, otal ya shirya wa yara walima da ƙarfe biyar na yamma, kuma tun daga can Sista ta sayo mata wata riga ruwan zuma mai walƙiya domin ranar.

"A kai ta wajen masu gyaran gashi na ƙasa mana," in ji Mai Taya.

"Mama ce kaɗai ke taɓa kaina," in ji hula.

"To a kira Yaya a tambaye ta dabara."

"Ba na kiran kowa," in ji Sista.

Da hantsi Mai Taya ya ja Lauya suka tafi ganin wata tsohuwar hasumiya, don an riga an yanki tikiti. Auta ta juya wa ɗaki baya tana kallon teku. Sista ta yi mata magana sau uku, ta kawo mata lemo, ta kunna mata talabijin. Da ta ga ko hular ba ta motsa ba sai ta fito baranda mai dogon kafet, ta jingina da bango kusa da ƙofarsu, ta zame ta zauna a ƙasa. Ƙofofi ashirin a jere, duk a rufe, duk iri ɗaya.

A haka mai sharar ɗakuna ta same ta, tana turo kekenta mai tawul da sabulai. Mace ce gajera mai kauri, ita ma da gani baƙuwa ce a ƙasar. Ta yi magana da wani yare, Sista ta amsa da Turanci, kowacce ta girgiza kai. Matar ta duba fuskar Sista da kyau, sai ta ciro waya daga aljihun rigar aiki ta nuna mata hoto: yara uku a bakin wata ƙofa mai shuɗin fenti. Ta dafa ƙirjinta, sannan ta yi nuni da hannu can nesa, ta bayan teku. Ta ɗaga yatsu huɗu.

Sista ta ɗaga biyar. Ta nuna nata hoton. Matar ta yi nuni nesa, alamar tambaya. Sista ta girgiza kai, ta nuna ƙofar da ke bayanta. Matar ta kalli ƙofar, ta kalli Sista a zaune a ƙasa, ba ta ƙara tambaya ba.

A lokacin ne Sista ta lura da kan matar. Ƙarƙashin ragar da ta ɗaura, kitso ne a kwance layi-layi kamar an auna da ma'auni. Ta nuna kan matar, ta nuna hoton Auta, ta yamutsa yatsunta a sama, sannan ta buɗe tafin hannunta biyu babu komai.

Matar ta yi dariya har da dafa keke. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta yafito ta.

A ƙarshen barandar akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye zannuwan gado, babu taga, sai ƙamshin guga. Matar ta ɗauko sabon abin goge ƙasa mai igiyoyi farare, ta kifa shi, ta matse sandar tsakanin gwiwoyinta. Ta ware igiya uku. Wannan kan wannan, ɗauko ta ƙasa, haɗa, wuce. Kafin ƙiftawar ido layi ya kwanta. Ta miƙa wa Sista.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda bai fafe ba ya zai yi? Yatsun nan da ke samo jijiya a hannun jariri sabon haihuwa, yau ga su sun rikice a kan igiyar goge ƙasa. Ta ɗauko ta dama ta saki ta hagu. Matar ta ɗaka mata duka a bayan hannu, tas, kamar 'yar aji ɗaya. Sista, wadda likitoci ke sassauta murya in tana waje, ta ce "Yi haƙuri," ta sake farawa.

Washegari ma ta dawo, lokacin da matar ke hutun cin abinci. Ranar ce matar ta ga bayani da hannu ba zai wadatar ba. Ta zauna kan kwandon wanki, ta nuna ƙasa tsakanin ƙafafunta. Sista ta zame ɗankwali ta zauna. Matar ta ɗiga mai a tafin hannu, ta murza, ta shiga gashin da yatsu. Daga baki take farawa, ba daga tushe ba, kaɗan-kaɗan, in ta iso ƙulli sai ta tsaya ta lallashe shi. Gwiwoyinta biyu sun tallafe kafaɗun Sista, tana wani ɗan amo a maƙogwaro.

Shekara biyar rabon da wani ya taɓa kan Sista. Can inda take, da kanta take wankewa ta tufke ta rufe da hular aiki. Ta zuba wa zannuwan gado ido, tana ƙirga su don kada kukan da take riƙewa ya fito. Ta kai sha tara ya fito. Matar ba ta tsaya ba, ta dai ƙara matse ta da gwiwa.

Da za su rabu matar ta ba ta matajinta da ragowar man a 'yar kwalba.

To, hannu ya ɗan samu. Saura kai, wanda har yanzu yana cikin hula a lungun taga. Ranar ƙarshe ta shekara da safe, Sista ta shiga banɗaki, ta kunna famfo don kada a ji, ta kira yayarta.

"Yaya, me kike yi mata take zama?"

Yaya ta kwashe da dariya.

"Yau Sista ce da tambaya? Tsaya in ɗauko biro in rubuta ranar."

"Yaya, don Allah."

Yaya ta ji muryar, ta bar wasan.

"Ba na ce mata zo. Kina cewa zo kin gama yawo. Zama nake a ƙasa in kama gulmar mutane. 'Yarki gulma ce abincinta, kakarta ta biyo. Ki fara, in kin zo wajen daɗi ki yi shiru. Da ƙafarta za ta zo."

"Ni wa na sani da zan yi gulmarsa?"

"Shekara biyar a asibiti ki ce ba ki da gulma? To me kike yi a can?"

Bayan azahar Sista ta jefa filo a ƙasa, ta zauna ta jingina da gado, ta ajiye mataji da mai a gefenta kamar ba nata ba. Lauya na kwance tana danna waya. Sista ta yi gyaran murya, ta dubi bango.

"Akwai wani likita a wajenmu, ƙato, in ya shigo sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Kowa tsoronsa yake. Ashe shi kuma allura yake tsoro."

Lauya ta ci gaba da danna waya. Muryarta ma kamar mai karanta rahoton safe. Ta daure.

"Ranar da aka ce dole kowane ma'aikaci a yi masa rigakafi, aka neme shi sama da ƙasa. Kun san inda aka same shi?"

Ta yi shiru. Ta ɗauki mataji tana duba haƙoransa.

Wayar Lauya ta sauka kaɗan. Daga lungun taga hula ta juyo.

"A ina?"

"Wa? Oho. Ni bakina ba ya aiki in hannuna na zaune."

"Wayo ne," in ji Lauya. "Mama ce ta koya miki."

"Ita ce."

Lauya ta buɗe baki, ta ga babu abin ƙaryatawa, ta rufe.

Auta ta sauko daga kujera. Ta yi taku biyu ta tsaya.

"Ina almakashin?"

"Yana aljihun Abbanku, Abbanku yana wajen abinci. Kin san ba yanzu ba."

Ta ƙaraso, ta juya baya, ta zauna can bakin filon, jikinta a sandare. Da hannunta ta cire hular.

A cikin kwandon kayan wanki aka samu likitan, ya ja zanin gado ya rufa, takalmansa a waje. Auta ta yi dariya har kanta ya bugi gwiwar Sista, kuma ba ta janye ba. Sista ta ɗiga mai, ta fara daga baki. Daga likita ta wuce kan wata tsohuwa da ke ɓoye haƙoran robarta a kofin maƙwabciyarta, da mai gadin da ya yi shekara yana gaida hoton da ke jikin ƙofa yana zaton shugaban asibiti ne. Ashe gulmar na nan jibge, ba ta dai taɓa samun wanda za ta juye wa ba. Ƙullin ƙeya ya ci awa guda da labari huɗu. Sau biyu Auta ta ce "Wash!", sau biyu Sista ta tsaya cak, sai yarinyar ta ce, "Ci gaba mana, sai matar ta ce me?"

Da labaran suka fara ƙarewa ta shiga na wata ma'aikaciya da ke zaune ita kaɗai a hawa na shida, kujerarta ɗaya, cokalinta ɗaya, a tsaye take cin abinci gaban tukunya don babu amfanin ɓata faranti.

"Wannan ba abin dariya ba ne," in ji Auta.

"Haka ne. Bari in nemo wani."

Lauya ta ajiye waya. Can sai ta sauko daga gado ta zauna gefe, ta kama gashin da aka ware ta riƙe.

"Ki tsaga daga nan. Ba haka ba, Anti, kin tafi kunne."

Ƙarfe biyar ta yi ana layi na uku. Kiɗan walima ya taso daga ƙasa. Shida ta wuce. Mai Taya ya leƙo da hular takarda mai tsini a kansa, ya ga su uku a ƙasa, ya buɗe baki, Lauya ta harare shi, ya ja ƙofa a hankali. Sai wajen bakwai aka ɗaure na ƙarshe. Layi bakwai, babu biyu da suka yi kama. Wani ya taso daga goshi ya nufi ƙeya, a hanya ya canja shawara. Yatsun Sista sun ƙage, ƙafarta ta mutu.

Auta ta hau kujera gaban madubi. Ta juya dama, ta juya hagu.

"Ya karkace."

"Ya karkace," in ji Sista.

"Kamar hanyar da Abba ya bi da mu jiya da ya ce ya san gari," in ji Lauya.

Suka sauka da riga ruwan zuma, suka tarar ana kwashe kujeru, sai balan-balan biyu da suka rage. Auta ta ɗauki ɗaya, ba ta damu ba. Wasan wutar da aka yi ta harbawa sama kuwa, da safe suka ji labarinsa a bakin Mai Taya.

Ranar sabuwar shekara aka kira Mama ta bidiyo, kuma wannan karon an manta ba a turo ƙofa ba. Yaya na ganin kan ta saki salati.

"Wane ne ya yi miki wannan aika-aikar? Kaza ce ta bi ta kanki? Bari ki dawo, ranar zan tsefe in yi miki na mutane."

Auta ta dafe kanta da hannu biyu.

"A'a. Nawa ne."

Sista na ɗaya ɗakin tana haɗa akwati. Ta tsaya da takalmin Auta a hannu, ta kasa kunne ko za a ƙara wani abu. Aka wuce zancen balan-balan.

Washegari a filin jirgi hanya ta rabu, su ƙofa ta huɗu, ita ta ashirin da ɗaya, kuma nasu ne ke fara tashi. Mai Taya ya rungumo fasfo da jakunkuna yana ta waige-waige. Sista ta tsuguna tana gyara wa Auta wuyan riga wanda ba abin da ya same shi.

"Anti, in ya tsufa wa zai sake min?"

"Mama mana."

"Ita ba ta iya karkatacce ba."

Sista ta ɗaga kai ta dubi Lauya.

"Kwana nawa kitso ke yi?"

"Na Mama sati uku. Naki in ya kai sati a gode Allah." Ta gyara jakar bayanta, ta dubi wani waje. "Ki sayi faranti."

Aka kira jirginsu. Auta ta kama hannun ubanta, tana tsalle tana taka layukan da ke ƙasa. Sista ta bi ƙeyar nan da ido, layi bakwai kowanne da inda ya dosa, har suka sha kwana. Yarinyar ba ta waiwayo ba, yara ba su cika waiwaye ba. Saura awa biyar nata jirgin. Ta samu kujera a jere mai tsawo wadda babu kowa, ta zauna a ta ƙarshe.

Anti dai aka ce mata har aka rabu. Amma maƙwabta sun shaida, kitson nan sai da ya yi wata guda da kwana uku a kan Auta, ya yi furu-furu, ya tashi tsaye, Yaya na bin ta da mataji gida-gida tana zillewa. Ranar da aka samu aka tsefe shi an kira Sista a waya don ta ji irin kukan da ake yi. Wayar na cikin akwatin ajiyar ma'aikata, ita tana kan aiki.